Agogon ƙirga taku ga mai ciwon huhu: abin da yake aunawa da abin da ba ya iyawa

A ƴan shekarun nan, da wuya mutum ya ratsa layin masu sayar da salula a Yamai, ko a Babbar Kasuwa ko a Katako ko a Wadata, bai ga agogon roba mai ƙirga taku an jera shi a cikin gilashi ba. Sunayen da ke jikin kwalayen sun sha bamban, amma yawancinsu daga Sin ake shigo da su, kuma alkawarinsu ɗaya ne: za su ƙirga takun da mutum ya yi a yini, su auna bugun zuciya, su faɗi yawan iskar oksijin da ke cikin jini, har su ba da labarin barcin dare. Matasa ne suka fi sayensu, musamman masu zagaya filin wasa na Seyni Kountché da sanyin safiya. Ni kuwa mahaifiyata na saya wa, wadda ta daɗe tana fama da ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitocinmu suke rubuta wa BPCO a takardar magani. Wanda na saya na tsaka-tsaki ne, ba mafi araha ba kuma ba mafi tsada ba, na biya jika goma sha biyar bayan ciniki. Ra'ayina a kansa shi ne ya cancanci kuɗinsa ga gidan da ke da mai irin wannan ciwo, da sharaɗin a san cewa lambar taku kaɗai ce abin amfani a cikinsa, ita ma sai an koyi yadda ake karanta ta.

Wani zai tambaya, me ya haɗa mai ciwon huhu da ƙirgar taku, tun da ba gudu zai yi ba. Amsar tana cikin yadda ciwon yake cin mutum. Idan numfashi ya fara ƙaranci, mutum yakan rage motsi don gudun haki, naman ƙafafunsa ya yi rauni saboda zama, sannan raunannen nama ya riƙa neman iska fiye da da a kan ɗan ƙaramin aiki, hakin ya ƙaru, shi kuma ya ƙara zama. Wannan yana tafiya ne a hankali, ta yadda mutanen gida ba sa lura sai ranar da aka ga tsohuwa ta daina leƙa maƙwabta, ta daina zuwa suna da biki, ta koma salla a zaune. Inna ta yi shekaru masu yawa tana tuyar masa a kan murhun itace a cikin zaure marar taga, ba ta taɓa kai taba bakinta ba, kuma irinta suna da yawa a ƙasar nan, tare da waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu bayan sun warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3.23, shi ne na uku a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya a shekarar, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ya kashe ba su kai shekara 70 ba suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne.

Masu bincike sun daɗe da auna wannan zaman. A 2005, a Jami'ar Leuven ta Beljiyam, an ɗaura wa masu ciwon na'ura aka ga suna tafiya kimanin minti 44 a yini, alhali tsararrakinsu masu lafiya suna yin minti 81. A 2011 kuma wani bincike a Jamus, wanda ya bi mutum 170 na tsawon kimanin shekara huɗu, ya nuna cewa yawan motsin da majinyaci yake yi a rayuwarsa ta yau da kullum ya fi sauran ma'aunan da aka gwada nuna wanda zai yi nisan kwana, har ya fi gwajin busa na huhu. Ke nan motsi abu ne da ya kamata a auna kamar yadda ake auna hawan jini. Tambaya da baki kuwa ba ta wadatarwa, musamman a wajenmu, inda amsar dattijuwa ga “Inna, yaya jiki?” ba ta wuce “Da sauƙi, alhamdu lillahi”, ko da tun hantsi ba ta tashi daga tabarma ba. Ba ƙarya take yi ba, haka aka rene ta, kuma mutum ba ya iya tuna sau nawa ya miƙe jiya.

Batun saye da haɗawa bai ba ni wahala sosai ba, amma ba abu ne da tsoho zai yi shi kaɗai ba. A cikin kwalin akwai agogon, da igiyar caji mai maganaɗisu, da ƴar takardar bayani da Turanci da Sinanci. Dole sai an sauke manhaja a babbar salula an haɗa su ta Bluetooth, kuma manhajar tana da Faransanci amma ba ta da Hausa ko Zabarmanci. Yaron shagon ya yi mini kirki, ya haɗa komai a gabana, ya ce, “Alhaji, wannan har ciwon zuciya yana ganewa.” Na gode masa, amma wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma takardar da ke cikin kwalin da kanta ta rubuta da ƙananan haruffa cewa agogon ba kayan asibiti ba ne. Ina ganin ya kamata masu sayarwa su daina wannan zuzutawa, domin akwai wanda zai dogara da ita ya ƙi zuwa wajen likita. Abin da ya yi mini daɗi shi ne agogon yana ajiye lissafin kwanaki da yawa a cikinsa ko babu salula a kusa, don haka ba sai Inna ta mallaki waya ba, idan na zo gaishe ta sai in kwashe lissafin a tawa.

Ƙirgar takun ita ce zuciyar maganar, don haka zan ɗan tsaya a kanta. A cikin agogon akwai wani ɗan ƙaramin ma'auni da ke jin girgiza ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, da gefe da gefe. Ba ya ganin ƙafa, lilon hannu da jijjigar jiki yake ji, sannan ya yanke hukunci ko wannan taku ne ko ba taku ba ne. An tsara lissafinsa ne a kan tafiyar mai lafiya, wanda ke ɗaga ƙafa yana wurga hannu. Da na ɗaura shi na yi taku ɗari ina ƙirgawa da baki, bai kauce ba sai da ƴan kaɗan. Da Inna ta yi irin wannan a tsakar gida, da tafiyarta ta jan ƙafa, tana tsayawa tana dafa bango, sai ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ba laifin wanda na saya kaɗai ba ne, sanannen rauni ne na na'urorin ƙirga taku cewa suna rage lissafi idan tafiya ta yi ƙasa da kimanin kilomita uku a awa, kuma mai ciwon huhu da ya yi nisa sau da yawa a ƙasa da haka yake tafiya. Akwai kuma wata dabara da aka saka musu don kada su ƙirga kowane motsi: ba sa fara lissafi sai sun ji taku da yawa a jere. To rayuwar tsohuwa a gida kuwa duk gajerun tafiye-tafiye ce, daga ɗaki zuwa bakin randa, daga randa zuwa inuwar darbejiya, kuma da yawa daga cikinsu ba sa shiga lissafi ko kaɗan. Idan ta riƙe sanda ko buta da hannun da agogon yake, hannun ya daina lilo, abin ya ƙara lalacewa.

Ta ɗaya gefen kuma yana ƙara abin da ba a yi ba. Wata rana cikin zafin watan Afrilu, da aka ɗauke wuta, na tarar da ita a kishingiɗe a rumfa tana fifita da maficin kaba, agogon yana hannun dama. Ina zaune kusa da ita ina kallon fuskar agogon, lambar tana hawa da kowane kaɗawar mafici, har ta tara ɗaruruwan taku ba ta sauke ƙafa daga tabarma ba. Haka yake yi da tankaɗe da damun fura, haka kuma idan taksi ya bi da ita ta hanyar da ba ta da kwalta. Jan tasbaha bai cika ruɗa shi ba, domin yatsu ne ke aiki ba wuyan hannu ba. Maganin da muka samu shi ne mayar da shi hannun hagu, tun da da dama take fifita da riƙe sanda, sannan ranar da aka fita da ita a mota mu sa alama a kan lissafin ranar.

Bayan duk wannan, mai karatu zai iya cewa to mene ne amfanin ma'aunin da ke ragewa yana ƙarawa. Amfaninsa irin na tiyar mai hatsi ne: ko da ta ɗan gaza ta kasuwa, muddin da ita kake awo kullum, za ka san ko geron rumbunka yana ƙaruwa ko yana raguwa. Kuskuren agogon a jikin mutum ɗaya, a hannu ɗaya, kusan iri ɗaya ne daga mako zuwa mako, don haka bai kamata a gwada lambar Inna da ta maƙwabciyarta ba, sai dai a gwada Inna ta wannan wata da Inna ta watan jiya. Masu bincike suna amfani da na'urori irin su ActiGraph da DynaPort, waɗanda ake ɗaurawa a ƙugu ko a gadon baya, kuma an tabbatar da ingancinsu a jikin masu wannan ciwo, amma tsadarsu da manhajarsu sun sa ba na gida ba ne. Abin da za mu iya ɗauka daga wajensu kyauta shi ne ƙa'idar awo: a sa na'urar mako guda, a samu aƙalla kwana huɗu da aka sa ta awa takwas ko fiye a lokacin da mutum yake farke, sannan a ɗauki matsakaicin. Lambar rana ɗaya ba ta nuna komai, domin ranar Juma'a ba kamar ranar Talata ba ce, ranar da aka yi baƙi kuma ba kamar ranar da gida ya yi shiru ba ce. Manhajar agogon tana nuna matsakaicin mako, kuma wannan shafin shi ne mafi daraja a cikinta, ko da yake an ɓoye shi a bayan zane-zane masu launi. Salula ma tana ƙirga taku, amma matanmu ba sa yawo da ita a jiki cikin gida, tana kan gado ko tana caji.

Abin da ya fi ɓata mini rai a agogon shi ne burin taku 10,000 da yake zuwa da shi daga masana'anta. Wannan lamba ba daga asibiti ta fito ba, ta samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da aka fitar a Japan a 1965. Ga matashi mai lafiya ba ta da illa, amma ga wadda matsakaicinta bai kai dubu biyu ba, zoben da ke fuskar agogon, wanda ke rufewa idan an cika burin, kullum a buɗe yake, kullum yana gaya mata ta gaza. Jikokinta sun karanta mata, sai ta ce, “Ku cire mini abin nan, tun da ba zan iya ba.” Ana iya sauya burin a cikin manhaja, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata duk wanda ya saya ya yi, kafin ma ya ɗaura wa majinyaci. Binciken da aka yi a 2016 ya nuna cewa ga masu wannan ciwo ƙarin taku 600 zuwa 1,100 a yini ya isa a kira shi canji mai ma'ana, kuma waɗanda suka samu irin wannan ƙari bayan horon farfaɗo da huhu sun fi jinkirin komawa gadon asibiti. A 2017 an wallafa wani gwaji da aka yi a ƙasashen Turai da majinyata 343, inda aka ba rabinsu na'urar ƙirga taku tare da buri na mako-mako da ake aiko musu ta salula, kuma bayan mako 12 sun fi sauran da kusan taku 1,500 a yini. Abin lura a nan shi ne ba na'urar kaɗai ta yi aikin ba, akwai mai bibiya da ke duba lambar yana daidaita burin. A gidanmu ni ne mai bibiyar. Da shawarar likitanta muka ɗauki matsakaicinta na makon farko, muka ɗora ƴan ɗaruruwa a kai, muka raba tafiyar gida biyu, bayan sallar asuba da kuma bayan la'asar sakaliya, ta shaƙi maganinta kamar yadda aka rubuta mata, ta riƙa fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki. Da ta cika burin agogon ya yi rawa a hannunta, kuma na ga yadda wannan ƴar rawar take faranta mata rai fiye da duk lallashin da muka yi a baya.

Ma'aunin oksijin ɗinsa kuwa ba na ba kowa shawarar ya dogara da shi. Na'urar yatsa da ake amfani da ita a asibiti tana ratsa yatsan da jan haske da wani hasken da ido ba ya gani, ta karanta a ɗaya gefen, shi kuwa agogo hasken da ya dawo daga fatar wuyan hannu yake karantawa, kuma ɗan sassauci ko gumi ko motsi ya isa ya rikita shi. Mun sha ganin ya ba da lambobi biyu masu nisa a cikin minti ɗaya. Ko na'urar yatsan ma tana da matsala da baƙar fata: a 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka sun nuna cewa tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙe kusan ninki uku fiye da a jikin farare, wato ta nuna lamba mai kyau alhali jini ya gaza. Jan farce da baƙin lalle su ma suna iya ruɗa ta. Ga mai BPCO kuma lambar da likitoci suke nema idan ana ba shi oksijin ita ce 88 zuwa 92, ba irin ta mai lafiya ba, don haka jan gargaɗin agogon yakan tsorata mutum a banza, koren kuma ya kwantar masa da hankali a lokacin da bai kamata ba. Idan majinyaci ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko harshensa da cikin leɓensa suka sauya launi, ko ya fara rikicewa da yawan gyangyaɗi, a kai shi asibiti ko da agogo ya ce komai lafiya. Bugun zuciya yana ba da lamba mai kama da gaskiya idan mutum yana zaune, amma a cikin tafiya yakan makara.

Akwai kuma abin da taku ba ya faɗa, wato wahalar da aka sha kafin a yi shi. Taku dubu biyu da aka yi cikin sauƙi daban yake da dubu biyun da aka yi ana tsayawa kowane ƴan mitoci. Saboda haka muka sayi ƙaramin littafin ƴan makaranta, kowane dare ƙanwata ta rubuta lambar agogon, ta tambayi Inna yawan hakin ranar daga sifili zuwa goma, irin ma'aunin Borg da ake amfani da shi a asibiti, ta ƙara da launin majina da ko an yi ƙura. Wannan littafi ne ya nuna mana abin da ba mu taɓa lura da shi ba. Da hazon hunturu ya sauko a watan Disamba, takunta ya faɗi kwanaki a jere tun kafin tari ya tsananta, muka kai ta da wuri, aka ba ta magani ta dawo gida ba a kwantar da ita ba. Ba zan ce agogon ne ya gano ciwon ba, amma shi ya sa muka yarda da abin da idonmu yake gani. Likitan ya duba littafin da kyau, ya kuma yi mana bayanin cewa gwajin tafiyar minti shida da suke yi a baranda mai tsawon mita 30 yana auna abin da mutum zai iya ne idan an sa shi, agogon kuma yana auna abin da yake yi idan babu mai kallonsa, kuma kowanne ba ya maye gurbin ɗan'uwansa.

Ta fuskar ƙarko, caji ɗaya yana kai shi fiye da mako idan an kashe awon oksijin na dare da hasken da ke kunna kansa, wanda babban alheri ne a lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. Ruwan alwala bai taɓa lalata shi ba, sai dai alwalar ce ta zama babbar hanyar ɓacewar lissafi, domin Inna tana cire shi don ruwa ya game hannu, sannan ta manta shi a kan turmi har magariba. Sai da aka ɗora wa wata jikarta alhakin mayar mata da shi bayan kowace salla kafin lissafin ya daidaita. Madaurin roba yana tara gumi yana sa ƙaiƙayi, kuma fatar tsofaffi, musamman waɗanda suka sha magungunan kumburi na dogon lokaci, ba ta da ƙwari, don haka a riƙa wanke shi ana sassauta shi da dare. Lambobin fuskarsa ƙanana ne, a tsakar rana ma ba a ganinsu sai an kare da tafin hannu.

Wanda majinyacinsa yake iya zagaya gida ko unguwa, kuma akwai mai salula da zai riƙa duba lissafin kowane mako, ya saya ba tare da fargaba ba, kuma ba sai mai tsada ba, tun da ƙarin kuɗin yawanci na kiran waya ne da kiɗa. Wanda nasa yake kwance, ko yake tafiya da abin dogarawa mai hannu biyu, agogon wuyan hannu ba zai ƙirga masa komai ba, gara ya nemi na'urar da ake maƙalawa a ƙugu ko ya riƙa auna mintocin tafiya da agogon bango. Kafin a biya kuɗi a shago, a ɗaura shi a yi tafiyar jan ƙafa a hankali ana ƙirgawa da baki, a tabbatar ana iya sauke burin yini zuwa ƙasa da dubu biyu, domin akwai waɗanda ba sa yarda a sauko da shi haka, sannan a tambayi mai shagon ko yana da madauri da igiyar caji na canji, domin kowane iri da irin igiyarsa, kuma idan ta ɓata ba lalle a samu wata a kasuwa ba.